Garwashi a Kaskon Madam

Har gobe ban manta da ranar da Ya Fanna ta zuba garwashi a kaskon Madam ba. Ku sababbin shufer, ku saurara, ba tuƙi kaɗai ne aikin nan ba.

Lokacin ina shufer a wani proje na dasa itatuwa a kan tudun rairayi, nan Gure. Aka kawo mana wata 'yar Japon, Madam Keiko, ni nake kai ta kwaruruka wajen masu lambu. Da yake na yi yawo, daga Agadas har Kwatanu, ina jin Faransanci da Barbarci, sai tafinta ma ya hau kaina. Ya Fanna kuwa tsohuwa ce Babarbariya mai share gidan baƙi. Da aikin take riƙon jikokinta.

Madam tana da wani ɗan tangaran, bai wuce cikin tafin hannu ba. Ƙasansa rami ne na kyandir, samansa ɗan faranti. Ruwa take zubawa a farantin, ta ɗiga man ƙamshi, ta kunna kyandir, ƙamshin ya tashi a hankali, ba hayaƙi. A jikinsa an zana kunkuru da wani tsuntsu kamar gauraka. Na taɓa tsokanarta, na ce a wajenmu kunkuru mai wayo ne, ba a sa shi a ɗaki. Ta ce a wajensu su biyun nan tsawon rai ne. Mahaifinta maginin tukwane ne, shi ya gina da hannunsa, ya ba ta da za ta taho.

Ranar mun dawo daga Kelle da la'asar, cikin bazara, mota ta kafe mana a rairayi har ƙafafuna sun daina jin maganata. Muna shiga, gida ya turnuƙe da turaren wuta mai kyau, irin na amare. Ga Ya Fanna tsaye, ga tangaran a kan tebur, garwashi a farantinsa, ya tsage daga baki har gindi, ta tsakiyar kunkurun.

Madam ta ɗauka, tana jujjuya shi a hannu. Diraktanmu, Mushe Idi, wato Malam Idi da Faransanci, ya shigo ya gani, ya ce mini, "Habu, ka san doka. Wanda ya ɓata kayan baƙo ya tafi. Faɗa wa tsohuwar."

Na ce, "Ya Fanna, ke da kika haifi turare, me ya kai ki?"

Ta ce, "Kai Bafillace, rufe mini baki, me ka sani ban da warin nono? Kullum ina ganin baiwar Allah tana dafa ruwa a kasko. Mace a ƙasar mutane, ɗakinta ba hayaƙi, kamar marainiya. Na ce ba ta iya ba ne, kuma kunya ta hana ta tambaya. Turaren da na ajiye wa jikata na ɗebo mata."

Na juya wannan da Faransanci, ban rage komai ba sai warin nono.

Madam ta daɗe tana shafa tsagar. Sai ta ce wa Mushe Idi kayan nata ne, ba na proje ba, ba ta yarda a kori kowa ba. Ya ce to. Amma washegari ya karɓe makullin ɗaki daga hannun Ya Fanna, ya mai da ta sharar tsakar gida, cikin rana. Madam ta yi magana, ya ce ai ba a kore ta ba. Gaskiyarsa ce, ba a kore ta ba.

Da Madam za ta koma, ni na kai ta Damagaram. A jakarta akwai tsagaggen tangaran naɗe cikin zane, da kaskon laka na kasuwar Gure da Ya Fanna ta ba ta, ta ce in faɗa mata wannan yana son wuta.

Abin da na koya ke nan a aikin baƙi. Yawancin abin da ke fashewa ba mugunta ke fasa shi ba, kirki ne da bai samu tafinta da wuri ba. Na san yadda ake kunna abin nan, kullum muna gaisawa da tsohuwar, zancen bai taɓa haɗa mu ba. Ko an yafe kuma, ƙaramin ma'aikaci ne ke biya. Har aka rufe projen, Ya Fanna ba ta sake taka ɗakin ba.