Tafiyar da Ba Ta da Shaida

Shekarar da 'yan gudun hijira suka cika Jimeta, har wasu na kwana a barandar shaguna, ita ce shekarar da aka ga damar kawo wa makarantarmu ta Jambutu shirin karrama matasa. Wani jami'i ya zo da kwat, ya shanya ɗalibai a rana, ya yi ta zuba Turanci. Da ya tafi, firinsifal ya jibga mini aikin, don ni ne malamin da bai iya cewa a'a ba.

Sharuɗɗan huɗu ne. Ɗalibi ya koyi sana'a, ya yi wa jama'a hidima, ya riƙa motsa jiki, sannan ya yi tafiyar daji ta kwana biyu a ƙasa da jaka a baya. Wanda ya cika su zai samu lambar yabo da satifiket, wai har tallafin karatu ana samu da shi. Ukun farko ba su dame ni ba. Amma daji, a wancan lokacin? Da 'yan bangar Ngurore sun hango samari da jakunkuna a bayan gonakinsu, sai dai a kwaso gawarmu. Na rubuta wa ofishin shirin, suka ce mu zagaya filin ƙwallo, muddin malami yana gani ya sa hannu. Haka muka yi wuni biyu muna kewaye fili kamar awaki a turke. Har yau ina jin kunyar abin.

Akwai wata 'yar aji biyar da ta gudo daga ƙauyukan duwatsu, tana zaune gidan baffanta a Rumde. Baffan ya gaya mata in ta gama sakandare karatu ya ƙare, sai fa in ta samo mai ɗaukar nauyinta. Shi ya sa ta riƙe shirin nan da hannu bibbiyu. Ta koyi ɗinki, ta yi watanni tana koya wa yaran sansanin 'yan gudun hijira karatu. Ranar zagayen fili na ɗora mata jaka a baya, ta yi taku kaɗan, sai ta durƙusa ta yi amai, ba ta sake taɓa jakar ba.

Bayan mako ta same ni a ofis.

"Malam, ni ai na riga na yi tafiyan. Kwana tara a daji, ƙanina yana bayana. Wannan ba za a rubuta ba?"

Na ce dole a rubuta. Na ba ta fom ta cike, na kai wa jami'in da kaina a Yola, ko karantawa ban yi ba. Ya duba, ya cire tabarau.

"Malam, wa ya shaida tafiyar? Babu sa hannu."

Na ce ni zan sa. Ya ce ai ba na wurin. Na buga tebur, na yi ta masifa har masinja ya leƙo. Mutumin ba mugu ba ne, ya bar ni na gaji, sannan ya juyo mini takardar. Ya ce ko da akwai shaida, ƙa'ida ita ce ayari ya tashi tare ya iso tare. Na bi yatsansa da ido. A gurbin waɗanda suka tashi ta rubuta bakwai. A gurbin waɗanda suka iso ta rubuta biyu, ta soke, ta rubuta ɗaya.

Na naɗe fom ɗin na fito.

Ba ta samu satifiket ba, karatun ma ya tsaya inda baffanta ya ce. Ni kuma na kasa faɗa mata gaskiya, na ce takardarta na ofis. Yanzu tana ɗinki a wata rumfa cikin kasuwar Jimeta, kuma nakan canza hanya don kada in bi ta wurin. Ranar da na manta na bi, takan tsayar da keken ta gaishe ni.

"Malam, sun duba?"

Nakan ce mata ana kan dubawa.