Numfashi Ɗaya a Saman Tsani

Kafin a ɗage ƙofofin shaguna a layin masu kayan ƙawa, Baba Karkata ya riga ya zauna a bencinsa, yana wanke burushi cikin gwangwanin kananzir, yana murza bakinsa har ya yi tsini kamar allura. Laƙabin daga harufansa ya samo shi. Duk a karkace yake rubuta su a allunan shaguna, kamar mai yanga ta waiwayo: gefe ɗaya kauri, ɗaya gefen siriri kamar silin gashi. Mai turare, mai gwal, mai ɗinkin amare, duk mai son shagonsa ya yi kama da na manya, wajensa yake zuwa.

Kaurin harafi ko yana hira zai ja shi. Amma silin, sai ya ɗauke numfashi cak, ya ja shi tashi ɗaya. "In ka numfasa, layi ya sani," in ji shi.

Abin da ya kusa kai shi lahira ke nan. Bara ya yanke jiki ya faɗi a gaban allon mai agogo. Likita ya ce zuciya ce, ya kafa masa doka: ban da hawa tsani, ban da riƙe numfashi.

Shi ya sa da autarsa ta buɗe shagon sutura a saman bene, sai ta zagaye shi, ta sa aka liƙa mata harufan leda yankan inji. Rana ta gasa su, silin duk ya ɓamɓare, sai dungulmin kaurin ya rage. Baba ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wa ya tsinke wa sunanki jijiyoyi?"

Washegari ta iso ta tarar da tsani a jingine, tsohon yana can sama, mai waldan layin ya rungume gindin tsanin.

"Baba, don Allah ka sauko. Na yafe allon."

"Ke kika yafe, auta. Ni ban yafe ba."

Ta juya kan mai walda. "Kawu, da girmanka ka riƙe masa?"

"'Yata, ko ban riƙe ba hawa zai yi. Wanne kika zaɓa?"

Mai turare ya leƙo. "Tsoho, in faɗowa za ka yi ka yi ta can, kwalabena ba su da inshora." Ba wanda ya yi dariya.

Saura harafin ƙarshe, mai doguwar wutsiya da ta fi ƙarfin tsawon hannu. A ƙasa kuwa ba komai sai kwatar siminti. Duk layin suka ga kafaɗun Baba sun ɗaga, sun tsaya. Burushi ya fara tafiya. Ya miƙa, ya ƙara miƙa, har ƙafarsa ɗaya ta bar matakala. Tsanin ya yi ƙara. Mai walda ya runtse ido yana salati ƙasa-ƙasa. Silin bai ƙare ba, kuma tsoho bai numfasa ba.

Sai burushin ya faɗo, ya ɗiga wa siminti ruwan zinari.

Baba ya kifa goshi a jikin tsani, bai ƙara motsi ba. Auta ta kira shi, shiru. Ta sake kira, wannan karon da muryar da ba ta yi kama da tata ba. Daga baya mai gwal ya ce a lokacin ya riga ya fara tunanin wa zai je gida ya faɗa wa uwar auta. Can sai bayan tsohon ya motsa, ya ja iska da ƙyar.

Da ya sauko, bai nemi ruwa ba. Ya tsallaka titi ya dubi allon.

"Ya yi rawa a ƙarshe," in ji shi.

"Baba, ba wanda ya ga wata rawa."

"Ni na gani."

A nan ya ɗauki gwangwanin burusansa ya ɗora a hannunta. Tun daga ranar bai ƙara taɓa fenti ba. Abin da likita ya kasa, rawar silinsa ce ta raba shi da tsani.

Kai ne, sarkin sili, ka ƙawata sunan kowa a layin nan, naka kuwa ko a kusurwar allo ba ka taɓa sawa ba. Kai ne ka tsorata mu, kuma ba ma roƙon kowa ya maimaita wannan gangancin. Amma mun gode. Allah ya ƙara maka numfashi mai albarka, wanda ba sai ka riƙe ba.

Ku kuma masu sana'a, ku koyi ganin aibin aikinku kafin wani ya gani. In hanya ta biyo da ku layin, ku ɗaga kai ku dubi wutsiyar harafin ƙarshe. 'Yar rawar tana nan. Auta ta hana kowa ya gyara.