Gadar da Ba Na Kiran Sunanta

Shekarun baya, tun gemuna bai fara furfura ba, wani abu ya faru a ƙauyenmu da ke ƙasar Daura, can wajen Baure, wanda ban taɓa ba ku labarinsa ba. Yau da safe na bi ta wurin, sai na ji lokacin faɗa ya yi.

Tsakanin garinmu da babbar hanya akwai wani rafi. Da rani yashi ne zalla, yara na langa a ciki. Da damina kuwa, in aka yi ruwa daga sama, nan da nan yake tasowa, ja wur, ya raba mu da kasuwa da asibiti da makaranta. A cikinsa ɗana na fari ya rasu. Yana dawowa daga sakandare, ya ɗora jakarsa a ka ya shiga, yadda kowa yake yi. Sai washegari aka same shi. Allah ya jiƙansa. Iyakar abin da zan ce ke nan a kan wannan.

Kun san al'adarmu da ɗan fari. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya jan sa a jiki a gaban mutane. Ni "yaron nan" nake ce masa. Tun da aka yaye shi ma a ɗakin mahaifiyata ya tashi. Ita ke ce masa "maigidana", kullum tana yi masa tsiyar miji ne marar cefane. Da ya rasu na zauna karɓar gaisuwa ido a bushe, ana ta cewa, "Kai, wane akwai tawakkali." Na bar su a haka.

Bayan an gama kaka, kansilanmu ya zo da labari. Ya ce ƙaramar hukuma za ta yi wa kowace mazaɓa aiki guda, kuma ba za a zaɓa wa mutane ba, su za su faɗa da bakinsu. Za a turo wakili ya saurare mu. Dagaci ya tara magidanta a ƙofar gidansa don a haɗa baki kafin ranar.

Na je na zauna daga gefe, na tabbata rafin za a fara ambata. Wani ya ce rumfunan kasuwa. Wani ya ce katangar firamare. Wani dattijo ya fara, "Ni dai wahalar damina..." sai ya ɗago ido muka haɗa, ya yi tari ya ce, "wato rumfunan nan, suna yoyo." Haka aka yi ta kewaye. Aka tsaya a kan rumfunan kasuwa, aka shafa fatiha.

Na tashi raina a ɓace. Na ce a zuciyata, ashe haka mutane suke, ƙasar kabari ba ta gama kwanciya ba har sun manta. Na yi kwanaki ina amsa gaisuwa a daƙile, ina ganin ni kaɗai ne mai zuciya a garin.

Abokina, wanda muka yi makarantar allo tare, shi ya tare ni a gona ana gobe taron.

"Kai, wannan kumburin fa? Ko kunama ce ta harbe ka a baki?"

Na ce, "Rumfa kuka zaɓa."

Ya jingina da bishiyar gawo. "To me kake so mu ce? Kana zaune a wurin. Wa zai ambaci rafin nan a gabanka ya fama maka ciwo? Kara muka yi maka. Dagaci cewa ya yi, in shi mai abin ya tayar da maganar, duk mu bi bayansa."

Na ce, "Ni? In tashi a gaban surukaina da sa'o'in mahaifina in yi maganar ɗan fari? A ce ban yarda da ƙaddara ba?"

Ya dube ni, na dube shi. Su suna jirana, ni ina jiran su, rafi kuma yana jiran damina.

Da na koma gida na gaya wa mahaifiyata. Tana tsinkar zogale, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Maza ke nan."

Ranar taro aka kafa rumfa a filin firamare, aka jera kujerun roba, aka kawo lasifika mai ƙara kamar kukan jaki. Maza ne kawai, don haka aka saba. Ba wanda ya hana mata zuwa, ba kuma wanda ya gayyace su. Wakilin ƙaramar hukuma, wani mai matsakaicin shekaru da farar shadda, ya yi jawabi. Mai unguwa ya tashi ya ce jama'a sun haɗu a kan rumfunan kasuwa. Aka amsa, "Haka ne, ranka ya daɗe." Wakilin ya ce, "Akwai mai ƙarin magana?" yana faɗa yana laluben takalminsa da ƙafa. Ni kuwa na riƙe hannun kujera, na ci gaba da zamana.

Sai muka ji ƙarar sanda a bayanmu. Mahaifiyata ce, ta yafa mayafinta na zuwa gaisuwa, tana tafe a hankali. Wani ya taso zai mayar da ita.

Ta ce, "Kai, matsa. Ni na yi wa uwarka wankan jego."

Aka yi dariya, ya matsa. Wakilin ya ce, "Iya, bismillah, ga kujera."

"Bar ni a tsaye, ɗana, in na zauna sai an ɗaga ni. Cewa aka yi ka zo jin bakin mutane. To mu mutane ne ko kaji?"

"Mutane ne, Iya."

"To ji. Waɗannan da ka gani kunya ce ta ɗaure su. Wancan," ta nuna ni da sanda, "uba ne, ba zai faɗa ba. Sauran kuma nauyinsa suke ji. Ni kuwa ba na kunyar mijina. Rafin can ya cinye mini maigida, yaro ɗan makaranta. Jikokina da suka rage ta nan suke bi. Rumfa in ta yi yoyo, a matsa gefe. Rafi ina gefensa?"

Kansila ya sunkuya ya yi wa wakilin raɗa, amma lasifika ta tona shi: ai an riga an kai maganar rumfa sama, canzawa zai yi wuya. Wakilin ya janye ƙafarsa daga takalmin. Ya ce, "Iya ta faɗi nata. Amma murya ɗaya ba za ta ture abin da gari ya haɗu a kai ba. Akwai wanda yake tare da ita?"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne uban yaron nan. Na yarda da ƙaddara. Amma wanda ya ƙaddara ruwa, shi ya ba mu hankalin yin gada." Na zauna.

Daga nan sai ka ce an buɗe madatsa. Dattijon nan mai tari ya ce surukarsa a bakin rafin ta haihu, ana jiran ruwa ya janye. Wani Bafulatani ya ce ya rasa saniya da ɗan maraƙinta a wurin. Malamin makaranta ya ce da damina ajinsa rabi yake zama. Dagaci ya cire tabarau ya ce, "Ni ne na farko, a sa gada." Aka ce a ɗaga hannu. Har mai sayar da tumatir, wanda ya fi kowa son rumfa, ya ɗaga biyu.

Ba zan yi muku ƙarya in ce washegari aka kawo siminti ba. Wakilin ya faɗa mana gaskiya tun a wurin, cewa gada ta fi ƙarfin abin da aka ware, sai dai kwalbati babba, kuma sai mun bibiya. Muka bibiya. Ni da abokina mun yi ta sintiri sakatariya har masu gadi suka san mu, da sun hango mu sai su ce, "Ga 'yan rafi nan." Wata rana a ce ciyaman ya tafi Katsina, wata rana a ce injiniya bai zo ba. Damina ɗaya ta wuce muna raka yara bakin ruwa da igiya. A ta biyu aka fara aiki, su da ƙarfe da siminti, mu da gayyar yashi da dutse. Kwalbati ce, amma mu gada muke ce mata.

Mahaifiyata ta haye ta sau ɗaya kafin ta rasu. Ta tsaya a tsakiya, ta buga sandarta a kan simintin, ta ce, "To, maigida, yau dai ka yi cefane."

Abin da na koya bai da yawa. Hukuma tana da nata jan ƙafa, wannan kowa ya sani. Amma ranar nan an tambaye mu, mu ne muka kusa ba da amsar da ba tamu ba, saboda kunya da kara. Halaye ne masu kyau, da su muke zaune lafiya, sai dai wani lokaci suna rufe bakin da ya kamata ya buɗe. Yanzu in za a yi taro a garinmu ana shimfiɗa wa mata tabarmi, kuma kafin a shafa fatiha dagaci yakan tambaya, "Akwai abin da muke jin nauyin faɗa?"

Ba wanda ya raɗa wa gadar suna a hukumance. Mutane ne kawai suka fara kiranta da sunan yaron nan, har ya bi ta. 'Yan acaɓa suna kiransa, mata masu zuwa awo suna kiransa, yaran da aka haifa bayansa ma suna kiransa. Sunan da ban taɓa furtawa ba, kullum ina jin sa a bakin gari.

Ni har yau, in na hau mashin aka tambaye ni ina zan sauka, cewa nake, "Kai ni gadar nan." Sun sani. Ba sa sake tambaya.