Barkonon Inna da Jar Mota

Ranar wata Laraba ce a ƙarshen kaka, shekarar da na shiga aji huɗu. Na dawo daga makaranta, ko kayan jikina ban sauya ba, Inna ta tura ni bakin kwalta gadin shanyar barkononta. Ina zaune da karan dawa a hannu ina korar awaki, ni da ƙawata Saratu muna carafke, idanunmu sun yi ja saboda yajin da ke tashi daga titi. Can sai muka ji ƙugin nan daga wajen Anka, ƙugin da babu yaron garinmu da bai san shi ba. Muka watsar da 'yan duwatsun wasanmu muka miƙe tsaye, kamar an ce ga babban baƙo nan tafe.

Ƙauyenmu yana kan hanyar Anka zuwa Gummi, kuma tun kafin a haife ni gefen kwalta shi ne wurin shanyar gari. Ba ƙasa, ba tsakuwa, ga zafi, abin da zai kwana huɗu a tsakar gida yakan bushe cikin biyu. Da kaka za ka ga titin ya yi layi-layi da barkono da kuɓewa da shinkafa dafaffiya, kowace shanya an jera mata duwatsu a gefe don mota ta san iyakarta. Direbobin kasuwa sun saba. Sukan rage gudu su ratse, wani ma ya leƙo ya ce a ajiye masa na miya. Jera duwatsun aikina ne, kuma ina yin sa da taƙama, don nakan zaɓo manya, na fi kowa. Barkonon kuwa na gayaunar Inna ne, ita ta yi renon irin a bayan ɗaki, mu muka dasa, muka yi ta jigilar ruwa har ya kama.

A shekarun ne zinarin Bagega ya juya kan mutane. Samarin da jiya suke aron keke suka wayi gari da babura, mu kuma ana ta gargaɗinmu kada mu kusanci inda ake dakan dutse, don yara na ta mutuwa a ƙauyukan can. Cikin waɗanda suka samu har da wani saurayi da muke kira Mai Ja. Ya sayo tsohuwar motar tsere ta Turawa, ja, mai ƙofa biyu, babu rufi, wadda aka ce ta girme shi. Ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar mara lafiya, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Aikinta ɗaya ne, ya fito da ita da yamma ya keta gari a guje, ya juya ta a tsakiyar titi tayoyi na hayaƙi. Ba zan ɓoye ba, mun so motar nan. Maza a makaranta suka daina langa suka koma ƙera ta da kara suna shafa mata jar ƙasa. Mu mata har waƙar gaɗa muka yi mata. Yau in na tuna da tafin da na yi wa mutumin nan, kunya ce ke kama ni da haushin kaina.

Inna ba mai fita ba ce. Amma a ranar Larabar nan hadari ya haɗo ba zato, ta tsorata kada ruwa ya lalata mata wahalar shekara, ta yafa mayafi ta fito da kwando ta taya ni kwasa. Tana durƙushe tana tara barkonon da tsintsiya motar ta shigo. Mai Ja yana da wani wasa da muke so, ya matso gefe ya bi ta jikin shanya iskar motar ta watsa ta, mu yi ta dariya. Ya matso kamar kullum. Babban dutsen da na ajiye a kusurwa, wanda motar kasuwa za ta haye ba ta sani ba, ya kama cikin motar tasa. Na ji ƙara, motar ta yi wani juyi ta kwaso Inna ta yar a kwalbati. Ba ta yi ihu ba, sunana kawai ta kira sau ɗaya. Shi kuwa da ya fito, ƙarƙashin motarsa ya fara leƙawa.

Washegari aka taru a zauren maigari. Na laɓe a bayan zana ina saurare, ina jiran in ji hukuncin da za a yanke wa mutumin da ya karya uwata wuri biyu a ƙafa ɗaya. Abin da na fara ji shi ne muryar wani dattijo yana cewa, "Wa yaj jera duwatsun ga bisa hanyar gwamnati?" Daga nan magana ta juya. Aka ce hanya ta mota ce, aka ce ƙaddara ce, aka ce Mai Ja yaro ne mai alheri, shi ya yi wa masallaci rufi. Babana mutum ne mai gudun fitina, kuma rabin samarin danginmu a ramin zinarin yaron suke aiki. Sai na ji ya ce, "Na yahe, don Allah." Aka yi fatiha. Har haƙuri aka sa shi ya bayar a kan ɓarnar da aka yi wa motar.

Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ƙafar ta warke a karkace. Surfe da ɗiban ruwa da tuƙin tuwo suka dawo kaina, makaranta ta zama yau da gobe har na bari. Gayaunar ta koma ciyawa. Yara suka riƙa nuna ni ana cewa ni ce mai dutse, ni ma na yarda da hakan shekara da shekaru. Ba a yi wata biyu ba motar ta dawo an gyara ta, tana sheƙi, Inna tana kwance tana jin ƙuginta ta katanga, tana jin tafin yara. Har da ƙanena cikin masu tafin.

Yanzu ba mai shanya a bakin kwalta. Tun da 'yan bindiga suka tsananta, hanyar ta zama wurin da ake wucewa da sauri ana addu'a, kowa ya maida shanyarsa cikin gida. Ina kewar titin nan na da, da direbobinsa masu rage gudu saboda kuɓewar wata tsohuwa. Mai Ja ya zama Alhaji, yana birni, ana ba shi sahun gaba. Bara na je gida ina shafa wa Inna mai a ƙafar, sai na tambaye ta ko ta yafe masa. Ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, ke ta hwarko da kinka tambaye ni." Daga nan ta miƙo mini ɗaya ƙafar. An yafe ƙafar Inna a zauren da Inna ba ta taɓa shiga ba.