Ranar da Na Mayar da Kan Batirin Kawu

Shekara biyu ke nan, amma har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi sai gabana ya faɗi. Wannan abu ba zai taɓa fita raina ba.

Lokacin na gama lise, wato babbar sakandare, na baro Jiratawa na sauka gidan kawuna a Sabon Gari ina jiran sakamakon bak, jarrabawarmu ta ƙarshe. Makaniki ne, mai tsantseni ƙwarai. Ranar na kai masa abincin rana gareji, na iske shi cikin motar wani alhaji mutumin Tibiri, yana gyaran wayoyin jakar iskar nan ta cikin sitiyari, wadda ke buɗewa ta tare direba in an yi haɗari.

"Ɗiyata, aje can, kar ki taɓa komai," in ji shi. "Wannan abu ba ya son wasa. Sai ka cire kan batiri, ka ba shi mintoci, sannan ka sa hannu. In ka fiddo jakar ma, fuskarta sama ake ajewa."

Na ce to, amma kunne kawai ya ji. Tun safe babu wuta, salulata ta mutu, ga ƙawayena sun ce za su kira ni da an fara kiran sunayen waɗanda suka ci. Yana tafiya sallar azahar na leƙa gaban motar, na ga kan batirin a cire. A gida da batiri muke caji, me zai ba ni tsoro? Na mayar da kan batirin, na jona salula a kujerar baya, da niyyar in cire kafin ya dawo. Sai wata ƙawata ta biyo, muka tsaya surutu bakin titi, har Kawu ya dawo ya ci gaba da aikinsa ban sani ba.

Ƙarar da na ji kamar ta bindiga ce. Farin hayaƙi ya cika motar. Kawu ya faɗo waje, jini na zuba ta hanci, hannunsa na reto. Masu kabu-kabu ne suka kwashe shi zuwa asibiti.

A asibiti alhajin ya ce, "Haba malam, kai da ake yabo? Ka manta batiri kamar sabon shiga?"

Kawu ya sunkuyar da kai. "Kuskurena ne, Alhaji."

Ina tsaye a wurin, kuma na yi shiru. Wannan shirun ya fi komai ba ni kunya.

Sai da na kwana uku ban iya cin abinci ba, sannan na durƙusa gabansa ina kuka na faɗa masa.

"Na sani, ɗiyata. Na ga salularki kafin a ɗauke ni. Ni ma da nawa laifin: wanda ya tashi ya dawo, dole ya sake duba batiri."

Na ci bak, ban yi murna ba. Hannun ya warke, kunnen hagu bai dawo ba. Yanzu in zan gaishe shi sai na zagaya ta damansa, kuma kullum zagayen nan yana tuna mini: in ka ga mai sana'a ya cire abu, bar shi yadda ya bar shi, don ran wani ne rataye a wurin.