Jita a Jikin Turmi

Ku matso kusa, ku ba ni kunnuwanku, tunda nawa sun yi nauyi.

Wata shekara bayan damina, jikana ya shigo gidanmu na unguwar Digel da wata jita mai dogon wuya, tsirkiya huɗu masu kauri. Aro ya yi a wurin makaɗan unguwar Kabalaye. Irin mai shan lantarki ce, mu kuwa wuta sai ta yi kwanaki ba ta leƙo unguwa ba. In ya taɓa, sai dai yatsu su yi ta yawo, ba amo.

Sai ya kife turmina, ya jingina kan jitar a jikinsa. Turmin nan uwata ta ɗauko shi daga ƙasar Hausa a kan hanyar Makka, da guzuri ya ƙare aka sauke shi a garin nan, aka zauna.

Na ce, “Maigida, daka za ka yi mini?”

Ya ce, “Amarya, ɗora hannunki ki ji.”

Na ɗora. Itacen ya yi gurnani a tafin hannuna. Murya huɗu yake hawa, ya sauko, ya sake hawa. Uku na farko masu nauyi, irin na mai makoki. Ta huɗu sai ta yi tsalle, saura kaɗan ta kai inda ya kamata, ta tsaya. Na ce ya ƙarasa mana. Ya ce haka abin yake, ya faɗi sunansa da Faransanci, bakina bai ɗauka ba. Ɗan ƙaramin yatsansa ba ya kaiwa da sauri, shi yake horarwa kullum bayan la'asar.

Ran nan ubansa, ɗana na fari, ya dawo daga fatauci a gadar Ngeli ya tarar da mu. Ya ce zuri'ar alhazai ba ta roƙo. Ko jitar ta bar gidan, ko ita da yaron su bar shi tare. Jikana ya soma naɗe ta a zane.

Ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a ja da shi a gaban yara. Sai na fuskanci bango na yi magana. Na ce, “Bango, ka gaya wa mai gidan nan, inda jita ta tafi turmi zai bi, inda turmi ya tafi ni ma can na nufa.”

Ɗana ya ce, “Haba, Inna!”

Na ce, “Bango, ka ce ya ɗora hannu.”

Ya ɗora, yana kallon ƙasa. Yaron ya warware zanen, ya hau muryoyin nan a hankali. Da ta huɗun ta tsaya, uban ya jira, ya jira, har ya ce, “To, ina sauran?”

Na ce, “Haka uwata ta riƙa tambayar sauran hanyar Makka har ta rasu.”

Bai janye hannun ba sai da itacen ya yi shiru. Sannan ya ce, “Kalas, shi ke nan. A cikin gida, ban da lokacin salla.”

Ɗana ya tsufa, ya bar hanyar gada, yana zaune a shago. Jikana yana kiɗan biki, ya sayi tasa jitar, matarsa ce ke yi mini tuwo. Turmin ya tsage, ba a daka a ciki, amma na hana a sa shi a murhu. Ni kuwa ga ni, kunne ya tafi, tafin hannu yana nan.