Agogon Zinariya a Zauren Surukina

Tun da aka dawo da mu Dutse aiki, lokacin da jihar take sabuwa, abokan ofis suka san ni da cuta ɗaya: tara tsofaffin agogunan matuƙan jirgin sama. Irin masu hannu na musamman ɗin nan, wanda ke nuna lokacin wata ƙasa daban. Ni da ban taɓa tuƙa ko babur da kyau ba, amma kullum na san ƙarfe nawa ne a Makka. Suna yi mini dariya, ina yi musu kallon marasa ido.

A wurin masu gyaran agogo na Kano nake farautarsu, wani lokaci a hannun tsofaffin alhazai. Ina ɗaga agogo na ji nauyinsa, na kara a kunne, na san ko na gaske ne. Ba a taɓa cuta ta ba, kuma ina alfahari da haka. Sarkinsu duka shi ne wani mai baƙar fuska da sarƙar zinariya. Shi nake ɗaurawa ranar fita kunya.

Shekarun da aka fara shari'a, muka je Aujara ni da maiɗakina gaida mahaifinta, malami ne mai makarantar allo. A lokacin kowa ya ƙara kula da abin da yake sawa a jiki, zancen haramcin zinariya ga maza kuwa yana bakin kowa. Ina durƙushe a zaure ina gaisuwa, hannun rigata ya zame, agogo ya yi wal.

Malam bai dube ni ba, don akwai kunya tsakaninmu. 'Yarsa ya tambaya.

"Ke, wannan na hannun maigidanki, zinariya ce?"

Ita kuwa ta san yadda nake son abin nan, sai ta yi maza ta rufa mini asiri.

"A'a Baba, jabu ne. Irin na bakin tasha."

Malam ya gyaɗa kai, ya ci gaba da jan carbi. Magana ta ƙare ke nan, da na iya riƙe bakina. Amma jabu? A hannuna? Sai na yi caraf na ce:

"Allah gafarta Malam, wallahi na gaske ne. Ko ɗigon jabu babu a jikinsa."

Maiɗakina ta dafe kai. Malam ya yi murmushi, karo na farko ya dube ni sosai.

"To madalla da mai gaskiya. Ka kuwa san hukuncin. Ga mata halal ce, ga kuma mace nan kusa da kai."

Ban yi musu ba, har yau kuma ban yi da-na-sani ba. Gara a raba ni da shi da sunansa na gaskiya, da in ci gaba da ɗaura shi ana ce masa na tasha. Nan take na kwance na miƙa mata. Ya yi mata yawa, yana ta zamewa har bayan hannu.

Da muka koma Dutse ban yarda wani mai gyara ya taɓa shi ba. Na shimfiɗa farin ƙyalle a tabarma, na ɗauko 'yan kayan aikina, na rage sarƙar da hannuna har ta zauna mata cif. Ina ɗaura mata ƙwalla ta zubo mini, ban kuwa ɓoye ba.